Hannayen da Suka Jira Dakta Asabe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin adaidaita sahu a hanyar Kura aka kira ni aka ce Dakta Asabe ta rasu bayan gajeriyar jinya. Na ce wa direban ya tsaya, na sauka, na rasa inda zan dosa.

Likitar fata ce, kuma malamata. A shekarata ta ƙarshe a makarantar koyon likitanci na je ofishinta hankalina a tashe, domin 'yan ajinmu sun cika mini kunne cewa ba a ɗaukar kowa horon ƙwarewa a fannin fata sai wanda ya yi bincike aka buga. Na tambaye ta ko gaskiya ne. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Ba dole ba ne, Zulai. Na ga waɗanda aka ɗauka ba su rubuta ko layi ɗaya ba. Amma ranar da aka zaunar da ke aka ce me ya sa kika zaɓi fata, me za ki ce? Don ba a tashin likitan fata cikin dare da gaggawa?"

Kunya ta kama ni. Da ta ji ni 'yar Bunkure ce, sai ta yi dariya ta ce bincike yana bayan gidanmu ina nemansa a Kano.

Haka muka fara zuwa wurin matan garinmu da ke turara shinkafa. Tururi da ƙaiƙayi sun cinye musu hannu, ruwa ya tsattsaga musu ƙafa, su kuwa sai su rufe da lalle su ci gaba da aiki. Dakta ba ta taɓa yi musu faɗa ba. A tabarma take zama, ta riƙe hannun mace ta juya shi a hankali. Takan ce mini, "Lalle ado ne a wurinsu, a wurinmu labule ne. Ki roƙe su, kada ki umarce su." Ta roƙe su kuwa: su dakata da ƙunshi har ta dawo ta ga fatar yadda take.

Ba ta dawo ba. Na riga na yanke a raina cewa aikin ya bi ta, ni ma zan nemi wani fannin.

Ranar sadakar uku matan suka zo gaisuwa a mota guda. Bayan addu'a, shugabarsu Iya Talatu ta matso kusa da ni ta buɗe tafukanta. Babu ɗigon lalle. Ta ce har bikin jikarta aka yi ba ta ƙunsa ba, mata suna ta yi mata tsiya.

"'Yar nan, mu dai mun cika alkawari. Yanzu wa zai duba?"

Na riƙe hannun na juya shi yadda na ga ana yi, hawaye na zuba. Na ce, "Ni ce, Iya. Ranar Asabar ina tafe."

Zan ƙarasa aikin nan, a buga ko kada a buga, kuma zan nemi gurbin horon ƙwarewar a fannin fata. Yanzu ina da amsar tambayarta.

Allah Ya jiƙan Dakta Asabe, Ya haskaka kabarinta, Ya sa hannayen da ta riƙe su zame mata shaida ranar gobe. Allah Ya ba maigidanta da 'ya'yanta haƙurin rashi, Ya albarkaci bayanta. Amin.