Yarinyar da Ba a Kiran Sunanta

Ni dai ba na iya jure ashar, ko daga bakin babba ta fito. A gidanmu na Gwaram, idan yaro ya yi zagi, kafin ya rufe baki an make masa shi. Da wannan halin na shiga gidan wani Alhaji mai motocin haya a Birnin Kudu, inda matarsa ta ɗauke ni in riƙa yi wa 'yarta darasi bayan la'asar. Shekarar yarinyar bakwai.

Ranar farko na ce ta sake wani lissafi da ta ɓata. Sai ta ajiye fensir a hankali, ta miƙe ƙafafu a kan tabarma, ta dafa gwiwoyi, ta dube ni ta ƙasan ido.

"Ke dalla can, ja'ira mai ƙashin tsiya. Uwarki ce ta saya mini littafin?"

Wallahi ba zagin ne ya fi damuna ba, muryar ce. Ta yi kauri, tana jan magana irin ta tsofaffin ƙauye da haƙoransu suka zube. Duk da haka na ɗaga hannu, sai ga uwar ta fito da gudu da muciya a hannunta.

"Malama, don Allah kar ki taɓa ta! Inna ce."

Ashe sunan mahaifiyar Alhaji aka sa wa yarinyar. Tsohuwar ta rasu a ƙauyensu Dingaya ana da cikin yarinyar. Saboda haka babu mai kiran sunanta na yanka a gidan, babu mai tsawata mata. In ta zagi Alhaji dariya yake yi, ya ce tsohuwa ce ta dawo. Na ce astagfirullah a raina, wanda ya mutu ai ya tafi ke nan.

Da zan tafi uwar ta raka ni zaure, ta rage murya.

"Shi ya sa na nemo ki. Ke bare ce, babu kunya a tsakaninku. Ki raba ta da wannan bakin, ni ba zan iya ba."

Tunda an hana ni duka, sai na sake dabara. Duk lokacin da ta lailayo ashar, sai in kira sunanta na yanka da ƙarfi, in rufe littafi, in juya mata baya. Da farko ko waiwaye ba ta yi, kamar da wata nake. A hankali ta fara amsawa, kuma in ta amsa, da 'yar muryarta ta yara take amsawa. Kafin wata ya cika ta daina zagina, har na fara jin kaina.

Amma uwar ba ta samu sauƙi ba. Wata rana ta kawo mana zoɓo, na ga ta durƙusa har ƙasa kafin ta ajiye wa 'yar cikinta kofi. Yarinyar ta miƙe ƙafafun nan nata.

"Ajiye nan, mai hannun ɓarna. Ke da kika fasa mini tulu kina amarya, kika ce akuya ce."

Zoɓon ya zube a kan tabarma. A zaure uwar ta rantse mini cewa daga ita sai marigayiyar suka san zancen tulun, ko Alhaji ba ta taɓa gaya wa ba. Na ji tsoro ƙwarai. Na ce mata wataƙila wani ne ya faɗa a gaban yarinyar, amma ni kaina ban yarda da abin da nake faɗa ba.

"Haba Hajiya," na ce, "ke fa kika haife ta! Gobe ki kira sunanta sau ɗaya a gabana, ki ce ta rufe miki baki. Sau ɗaya tak."

Ta ce to.

Washegari muna cikin karatu ta fito, ta tsaya a kanmu ba ta durƙusa ba. Yarinyar ta ajiye fensir, ta dafa gwiwoyi, ta zuba mata ido. Can sai uwar ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, sannu da karatu," ta ce, ta koma ɗaki ta saki labule.

Raina ya ɓaci, na hau tattara littattafaina, na ce na gama da gidan nan. Sai na ji an ja mini bakin hijabi. Yarinyar ce, idanunta sun cika da hawaye, muryar kuwa tata ce ta yara.

"Malama, Ummata ba ta sona ne? Kullum sai na zage ta, amma ko kunnena ba ta taɓa ja ba."