Gishiri a Fagen Kokowa

Lokacin da nake tuƙin baƙi a Yamai, an taɓa ba ni wani Bajapane na kwana shida. Tsohon ɗan kokowar ƙasarsu ne, wadda suke kira sumo, ya zo nuna wa mutane wasan. Da ya shiga mota sai da ta durƙusa gefe ɗaya, ni kuwa duk ramin da muka faɗa sai na yi salati a zuci.

Mutum ne mai kunya, duk da wannan uban jiki. Tafintansa ya ba ni labarinsa a hanya. Wai yana ɗan shekara goma sha biyar ya bar iyayensa ya koma gidan ubangidansa na kokowa. Shi ne shara, shi ne girki, shi ne cuɗa wa manya baya a wurin wanka, kuma sai sun ƙoshi yake kankare tukunya. Da gwiwoyinsa suka gaji, aka yanke masa tukkun gashinsa a gaban jama'a yana hawaye. Tausayi ya kama ni, na kai shi Zongo ya ci kilishi, ya ɗora da kopto, wato kwaɗon zogale, kwano uku.

Bakina ne ya jawo sauran. Na je na ba yayana labari. Yaya mahauci ne a unguwar Kalley, kuma a kokowar unguwa, daga Kirkissoye har ƙauyukan bakin kogi, ba a taɓa kada shi ba. Ba shi da gidan kansa, ba shi da ko babur, wannan suna shi ne dukiyarsa kaf. Ya ce ai baƙon tulin nama ne kawai, shi kuwa da nama yake wuni. Na roƙe shi ya rufa mana asiri, ya ce gobe a sa sunansa cikin masu karawa da baƙon.

An yi wasan a filin wata lakwal, wato makaranta, aka kewaye fage da igiya. Tafinta ya bayyana cewa wanda ya faɗi ko ya fita daga igiyar ya sha kaye. Yaya bai ji ba, yana can yana ɗaura guru da layu, makaɗinsa na zuga shi. Aka miƙo masa banten sumo, ya juya shi gaba da baya ya mayar musu, ya ce shi yana da surukai a garin nan.

Sai Bajapane ya damƙi gishiri ya watsa a fage. Nan Yaya ya tsaya cak. Tafinta ya ce min al'adarsu ce ta tsarkake wuri, na ruga na gaya masa.

"Kai ka taɓa jin mai asiri ya ce asiri ne?" in ji Yaya.

Haka ya shiga yana sanɗa, yana tsallake duk inda ya ga fari-fari, har ya samu wurin da gishirin bai kai ba, wato dab da igiya. Can ya kafe. Ya sa ran za a yi irin tamu, a zagaya, a taɓa hannu, a auna juna. Da baƙon ya tsuguna ya dafa ƙasa, Yaya ya ɗauka gaisuwa ce, har ya fara amsawa. Kafin in ƙifta ido an kama gurunsa, an ɗaga shi sama ƙafafu na lilo, an ajiye shi bayan igiya a hankali kamar tulu. Baƙon ya sunkuya masa cikin girmamawa.

Wuri ya kaure da dariya. Yaya ya shiga rantsuwa yana nuna bayansa, a zo a duba ko akwai ƙasa. Makaɗi ya goya masa baya, mahautan Kalley ma haka, har wasu suka ɗauka shi ya yi nasara. Ni dai kunya da haushin kaina suka hana ni ɗaga kai.

Da na sauke baƙo, na ɗauki Yaya zuwa gida. Muna hawa gada ya juyo wajena. Na yi zaton zagina zai yi.

"Ƙanena, ya kada ni. Kar ka gaya wa kowa."

Na ce to. Ya daɗe yana kallon kogi.

"Rabona da wani ya ɗaga ni sama haka, tun Baba na da rai."