Ranar da Kawu Ya Ce In Kama

Jiya na ga mota tana jan ƙaramin jirgin ruwa a tirela, doguwar sandar filafilansa a kwance, sai Kawu ya faɗo mini a rai.

A bakin kogin Kwara ya tashi, tuƙin tasi ya kawo shi unguwar Bronx, nan ƙasar waje. Tunda ya sayi tsohon jirginsa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, shi kaɗai yake ta da doguwar sandar, shi kaɗai yake kwantar da ita. Sai ya duba wayoyin lantarki a sama, ya yi bisimilla, ya tallafe ta da kafaɗa yana jan igiya. In na matso ya ce, "Koma can. A garin nan wa ka ga ana kama wa?"

Wata Lahadi, sanyi ya fara shigowa, iska na warin gishiri, sandar ta tsaya a karkace a kansa. Bai dube ni ba ya ce, "Ɗana, zo ka kama."

Na kama. Ba ta da wani nauyi. Nan na gane ƙarfin Kawu ne ya ƙare.

Bai ga ƙarshen sanyin nan ba. Allah Ya ji ƙansa, kada Ya bar shi shi kaɗai a kabarinsa.