Bencin Baƙi

Maigidana ya yi aikin gwamnati har furfura ta cika masa kai. Masanin tattalin arziki ne, shi ke ba manya shawara a kan haraji: wa za a ɗora wa, wa za a sassauta wa. Ni dai ban taɓa gane rabin abin da yake faɗa ba, amma na iya gugar babbar riga, kuma ina da baki. Duk Unguwar Dosa babu matar da ban gaya wa ko wane ne mijina ba.

Da ya yi ritaya aka shirya masa walima, aka ba shi agogon bango. Ba a jima ba ya ce in fito masa da kaya, wai ofis sun roƙe shi ya riƙa leƙawa yana duba musu aiki. Ai kuwa kaina ya ƙara kumbura. Gidan biki, gidan suna, sai in gyara ɗaurin ɗankwali in ce, "Gwamnati ta ƙi sakinsa, wallahi mun rasa yadda za mu yi."

Wata rana ya manta maganin hawan jininsa. Na yafa mayafi na tari keke na bi shi, har da ɗan murnata, yau zan ga yadda ake rusuna masa. Sakatariyar ofishin ta gane ni, ta taso da sauri.

"Mama, sannu da zuwa. Don Allah mu ɗan keɓe."

Ta ja ni gefe, ta yi ƙasa da murya. "Mama, babu fa wanda ya kira Baba. Kullum zuwa yake ya zauna a bencin baƙi yana jiran oga. Shi kuma oga yaronsa ne, Baba ne ya koya masa aiki. Ba zai iya duban idonsa ya ce kar ya zo ba, ba zai kuma iya zama a kujerar Baba yana kallonsa ba. Shi ya sa yanzu ta ƙofar baya yake shiga, mu kuma mu ce yana mitin."

Na leƙa. Ga maigidana can tsakanin wani ɗan kwangila da wata tsohuwa mai bin fanshon mijinta, sanye da rigar da na goge da hannuna. Duk lokacin da aka taɓa ƙofa sai ya yunƙura zai miƙe, sannan ya koma ya zauna. Na san bencin nan. Da bakinsa ya sha ba ni labarin yadda mutane ke cika shi suna jiransa.

Kunya ta rufe ni, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Nan take na tuna wata ƙawata ta Badarawa da ɗanta ke aiki a ginin. Kullum na yi cika bakina sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Allah ya ƙara ɗaukaka." Ashe tausayina take ji. Na ba sakatariya maganin, na ce ta ce aiko shi aka yi, na sulale.

Da yamma ya dawo yana ba ni labarin yadda ya gyara musu lissafin harajin kasuwa. Na zuba masa tuwo, na kasa ɗaga kai.

Washegari na kwashe manyan rigunansa kaf na jiƙa a baho. Ya fito da jallabiya.

"Ina rigata?"

"Duk na jiƙa su, Alhaji. Sun yi dauɗa."

Ya dubi bahon. A sama akwai farar shaddar da ko sa ta bai yi ba tun da na goge ta. 

"Na ga mayafinki jiya a bakin ƙofa," ya ce.

Hannuna na cikin kumfa, na rasa inda zan sa idona. Ya jawo kujerar tsakar gida ya zauna a hankali, ya dubi igiyar shanya, ya dubi kaji, kamar baƙo.

"To, gaya mini," ya ce. "Da safe haka, me ake yi a gidan nan?"