Gwangwanin Kawu

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon malamin firamare ne a wani ƙauye bayan Taloka, kuma ban taɓa ganin mai rowar ƙarshen labari irinsa ba. Tsofaffin littattafan hikaya cike da ɗakinsa, irin waɗanda takardarsu ta yi ja. Ko ba ka tambaya ba sai ya zaɓa maka.

"Ɗauki wanga, ɗiyata," zai ce da ni. "Wanda bai karanta shi ba, mi ya sani ga duniya?"

Amma kafin ya miƙo, sai ya sa reza ya yanke shafukan ƙarshe, ya zuba a wani babban gwangwanin madara. In kana son jin yadda aka ƙare, dole ka dawo da littafin, ka zauna a tabarmarsa, ya karanta maka da bakinsa. Na sha yin fushi. Na taɓa hawa babur tun daga Wurno, inda nake aure, don kawai in ji ko mai kwalekwalen da ke cikin wani labari ya ga ƙanensa da ruwa ya tafi da shi. Kawu ya bari sai da na ci tuwo, na gaida kowa, sannan ya buɗe gwangwani. Ashe dabararsa ke nan ta sa mu riƙa zuwa.

Da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, mutane suka fara kwashe iyali. Mahaifiyata ta dawo wurina, Kawu ya ƙi motsi. Wai wa zai bar wa littattafan, gara? Muka yi lallashi, muka yi faɗa, ko gezau. Tsoro nake ji ƙwarai, kullum wayata ta yi ƙara sai in ɗauka mugun labari ne.

Ranar wata kasuwa na je da niyya. Yana alwala na ɗauke gwangwanin, na rufe da mayafi, sai da na hau babur na ɗaga masa shi.

"Kawu, yau kai ma ka ɗanɗana. In kana son ƙarshen labaranka, ka biyo ni Wurno."

Ya yi dariya har da tari. "Ke ɗiyag ga! Halina kinka sata. To, bari mu girbe gero, ina nan tahe."

Na share masa ɗaki, na sa aka buga katako a bango inda zai jera littattafan. Geron ya nuna. A gona 'yan bindigar suka same shi da hantsi, suka kashe su, shi da wasu manoma. Da suka shiga gari suka sa wuta, ɗakinsa na cikin waɗanda suka ƙone.

Yanzu ni ake tambaya, tunda an san a hannunsa na tashi. Malamai matasa kan ce, "Inna, wane tsohon littafi za mu karanta?" Ina faɗa musu: na mai kwalekwale, da na maƙerin da ya rantse ba zai sake hura wuta ba, wanda Kawu ya fi so. Nakan ce su nema a Sakkwato, su karanta a hankali, kada su leƙa baya. Wani lokaci har da masifa nake faɗa, ban san dalili ba.

Gwangwanin yana kan katakon nan, shi kaɗai. Duk ƙarshen labaran suna ciki, an yanke su tsaf da reza. Ban buɗe ba. Kawu ne mai karantawa.