Goron da Na Ajiye a Ƙofar Loko

Mai gadin ne ya fara ba ni tsoro, tun kafin ya ce komai. Ya fito daga ɗan ɗakinsa mai baƙin gilashi, ya nufi ƙullin da na ajiye a gindin ƙofa, har na ɗauka sunkuyawa zai yi ya ɗauka. Sai ya tsaya. Ya dube shi daga nesa, ya kai rediyonsa baki, ya fara ja da baya a hankali, idonsa a kan ƙullin. Wata bas ta ma'aikata da ta taho za ta shiga ta ci birki can nesa, ta yi ribas. Ni ina gefe jikin shinge, waya a hannuna, a cikin ranar da ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi.

"Kaka, mu tafi," na ce.

Bai ji ni ba. Ya saƙala yatsunsa a ragar shingen, ya manna goshi, yana kallon jiragen ƙasan da aka jera can ciki, shuɗaye, suna rawa a cikin hucin rana kamar a ƙarƙashin ruwa suke kwance.

Kaka mahaifin mahaifiyata ne. A reluwe ya yi rayuwarsa a Zariya, ya fara da zuba kwal a cikin inji, ya gama yana direba. Tare da shi akwai amininsa, wanda muke ce wa Baba mai tuta, don shi ke ɗaga wa jirgi tuta ya tashi. Tsofaffin wasu in 'ya'yansu suka biya musu tafiya waje, asibiti suke zuwa ko kasuwa. Waɗannan biyun loko suke nema, wato gidan da jirage ke kwana ana duba su. Sun je na Masar, sun je na Indiya. Ko'ina kuma al'adarsu ɗaya ce, irin ta gida: ɗan reluwe ba ya shiga lokon wasu hannu rabbana. Zai riƙe goro, ya yi sallama, ya nemi babban wurin ya gaishe shi. Kaka ya ce a Indiya mutumin bai ma san mene ne goron ba, amma ya karɓa da hannu biyu, ya sa aka kawo musu shayi, aka bar su suka hau kan jirgi suna shafa ƙarfe.

A shekarar da ta gabaci korona suka zo Dubai. Ni a lokacin ina aikin ɗaure kaya a wani shagon kago, masu aika kaya gida, a Murshid Bazar, wurin wata Hajiya da ta yi mini biza. Ina kwana a Muraƙƙabat, ɗaki ɗaya da 'yan mata, gado kan gado. Tun ranar da na sauka Hajiya ta gaya mini magana ɗaya, ba ta kuma maimaita ba. Ta ce, "Garin nan ba Kano ba ne. Duk wadda 'yan sanda suka rubuta sunanta, bizarta ta mutu, ni kuma ba ruwana. Sai jirgin komawa gida." Mahaifiyata da ƙannena da wannan aikin suke jingine. Don haka ko titi zan tsallaka sai na ga ɗan mutumin nan na fitilar titi ya zama kore.

Ranar hutuna na ɗauko su. Da safe Kaka ya kwance goronsa, fari da ja, a cikin ganye, ya ce in gyara ƙullin kada zafin garin ya busar da shi. Ni kuwa abin da hannuna ya saba shi na yi. Na naɗe shi a jiƙaƙƙen tsumma, na sa a baƙar leda, na zagaye shi da salatif ruwan ƙasa har sai da ya zama dunƙule guda, ba ta inda iska za ta shiga. Kaka ya jujjuya shi ya ce, "Amaryata ta iya ɗauri. Na fasa sakin ki."

"Wa ya ce maka ina so? Tsoho ba haƙori."

Muka hau jirgi a tashar Rigga. Na kai su can gaba, inda babu direba, sai gilashi kawai. Da jirgin ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya hau gada, haske ya zubo mana gaba ɗaya, titin jirgin ya miƙe a sama yana lanƙwasa tsakanin gine-gine, ƙasansu ya ɓace a cikin tururin zafi, samansu kaɗai ke yawo. Kaka ya tsaya daidai inda ya kamata a ce direba yake. Hannunsa na dama ya ɗago da kansa, yana lalubar abin da babu. In za a shiga kwana sai in ga kafaɗarsa ta riga jirgin karkata.

"To wa ke jan sa?" in ji Baba mai tuta.

"Yana loko," Kaka ya ce. "Dole akwai mutum. Shi za mu je mu gaisar."

Muka sauka a ƙarshen layi, muka taka a ƙasa har bakin ƙofar. Kaka ya yi sallama, shiru. Na danna wani maɓalli, wata murya ta amsa da Turanci cewa ba a karɓar baƙi. Na fassara musu. Kaka bai ji haushi ba. Ya ce mai yiwuwa babban yana kan aiki, amma goron gaisuwa ba a komawa da shi gida, in ajiye a gindin ƙofa, in ya fito zai gani ya san 'yan uwansa sun zo. Bayansa ba ya sunkuyo, Baba mai tuta kuma yana dogara sanda. Ni na sunkuya na ajiye. Muka koma gefe, suka ce in ɗaukar musu hoton jiragen ta cikin raga. Ina ɗauka ne mai gadin ya fito.

Abin da ya biyo baya ba na tuna shi da sauti. Motoci sun zo, fitilunsu na juyawa a tsakar rana. An ja wani zare mai launi an kewaye ƙofar. Wata 'yar sanda ta karɓi wayata da katin zamana, ta riƙe ni a gwiwar hannu, ba da ƙarfi ba. Na ga an sa tsofaffin a wata mota, Kaka yana gyara hularsa kamar ɗaurin aure za a kai shi.

Ɗakin da aka ajiye ni fari ne, sanyi kamar cikin firij. 'Yar sandan ta juyo mini da fuskar kwamfuta. A hoton da kyamarar tsaro ta ɗauka, sai ga wata mace cikin baƙar abaya ta zo bakin ƙofar loko, ta waiga, ta ajiye baƙin ƙulli, ta yi sauri ta bar wurin, ta koma gefe tana ɗaukar hoto. Wallahi ni ma da na gan ta sai da na tsorata da ita. Ban san na waiga ba. Ban san haka nake tafiya ba.

"Ke ce?" ta tambaye ni da Turanci.

Na ce ni ce. Na ce goro ne. Turancin sakandaren ya gudu ya bar ni, na rasa sunansa, sai nuni nake yi da baki ina taunar iska. Ta rubuta wani abu. Ƙarar alƙalaminta a kan takarda ita ce har yau take tashe ni daga barci. Har yau kuma ba na iya ajiye jaka a ƙasa in matsa, ko a masallaci.

Ta fita ta bar ni. Ban san iya zaman da na yi ba. Can ƙarƙashin kujera nake jin wani ɗan motsi, ko jirgi ne ke wucewa nesa, ko jikina ne. Na rufe ido sai ga ni a kwatas ɗin reluwe ina ƙarama, da yamma, Kaka ya kama hannuna ya ɗora a kan dogo. Ƙarfen da ɗumi kamar bayan akuya. Ya ce in yi shiru. Ba a ganin komai har ƙarshen ido, sai ciyawa da shanu, amma a tafin hannuna wani abu yana magana ƙasa-ƙasa, yana ƙaruwa. Ya ce, "Kin ji shi? Yana zuwa." A ɗakin nan ma haka na ji, abu yana zuwa, ban san ko mene ne ba. Na ga kaina a filin jirgin Kano da leda ɗaya, na ga fuskar mahaifiyata tana cewa ba komai.

Da aka buɗe ƙofa, wani dattijo ne ya shigo, baƙi, dogo, da kati rataye a wuya. Ya ce, "Sannu, 'yata. Kin sha ruwa?" Hausarsa wata iri ce, mai nauyi, irin ta mutanenmu da suka daɗe a Sudan. Tafinta ne. Jin Hausar kawai sai hawaye.

Aka kai ni wani ofis. Ga tsofaffina a zaune, ga wani babban ɗan sanda a bayan tebur, ga ƙullina a kan faranti an farke shi. Goron ya baje, fari da ja, yana sheƙi kamar ba shi ya tara mutane ba. Babban ya yi tambaya da Larabci, tafinta ya juya: wa ya sa aka ajiye, kuma don me?

"Ni ne," in ji Kaka. "Yarinyar nan bayana ta ara mini. Gaisuwa muka kawo wa babban loko."

"Sai da na ce maka dabino za mu kawo," Baba mai tuta ya ce.

"Dabino a garin dabino? Shi ya sa ka ƙare a tuta."

"Tutar ce dai take tsayar da kai."

Tafinta ya danne dariya, ya fassara abin da ya ga ya dace. Babban bai yi dariya ba. Ya ɗauki goro ɗaya da 'yan yatsu biyu, ya shinshina, ya tambaya ko ci ake yi. Kaka ya ce a ba shi magoginsa ya nuna musu, amma magogin yana cikin kayan da aka karɓe, su biyun kuma ko an haɗa haƙoransu ba za su fasa goro ba. Sai duk suka juyo suna kallona.

Ni ban taɓa son goro ba. Na ɗauki ja, na ɓare shi, na gatsa. Ƙarar ta cika ofishin. Ɗaci ya kama mini harshe har cikin kunne, na ci gaba da tauna ina kallon babban, hawaye na zuba, na haɗiye.

Babban ya mayar da goron hannunsa kan faranti. Sannan ya yi doguwar magana, tafinta yana bi. Ya ce an tsayar da shiga da fita saboda mu. Ya ce a nan ba a ajiye ƙulli a tafi, ba a kuma ɗaukar hoton irin wannan wuri. Aka miƙo wayata, aka sa na goge hotunan ɗaya bayan ɗaya a gabansu, jiragen shuɗaye suna ɓacewa a ƙarƙashin yatsana. Kaka yana leƙe ta kafaɗata, na ji ya ja numfashi. Aka sa tsofaffin suka yi alkawarin ba za su sake ba.

"To a tambaye shi," in ji Kaka, "shi babban lokon, an gaya masa mun zo?"

"Kaka, don Allah!"

"Baba, wannan kam ba zan fassara ba," tafinta ya ce.

Aka sake mayar da ni farin ɗakin ni kaɗai. Wannan zaman ya fi na farko tsawo a raina, don katina bai dawo ba. Ta wata 'yar taga can sama na ga hasken ya fara yin ja-ja. Wani wuri a cikin ginin aka kira la'asar, muryar tana zuwa tana komawa.

Ana idar da kiran 'yar sandan ta shigo, tafinta a bayanta. Ta ajiye katin a gabana da robar ruwa. Ta ce da Larabci, "Khalas. Yalla, habibti," wato an gama, in tashi mu tafi.

Ban taɓa katin ba. Na dubi tafinta na ce, "Baba, an rubuta sunana? Za a kira Hajiya?"

"An rubuta cewa tsofaffi biyu sun kawo goro," ya ce. "Ke babu ƙara a kanki, ba wanda za a kira. Zamanki yana nan yadda yake. Sha ruwa, ki je ki kwashi angwayenki, suna can suna faɗa a kan wanda zai zauna gaba."

Na buɗe robar na kurɓa. Bayan ɗacin goron, ruwan ya zo mini da zaƙi kamar an sa masa sukari. Na riƙe shi a baki, ban haɗiye da wuri ba.