Mutumin da Aka Ƙwace wa Tsinuwa

Duk Bayahuden da ya tashi a garin Thane ya taɓa yi wa Elkan Pezarkar ihu, kuma Elkan ba shi da abin alfaharin da ya wuce wannan. Duba tikiti yake yi a jirgin ƙasa, har ya yi ritaya ba fasinjan da ya riƙe fuskarsa. Amma duk shekara in bikin Purim ya zo, shi ƙungiyar wasan kwaikwayo ta majami'a ke mayarwa mugun wazirin nan da ya shirya hallaka Yahudawa a zamanin da. Al'ada ce da an ambaci sunan wazirin a cika wuri da ihu da buga ƙafa har sunan ya ɓace. A tsohon ɗakin bayan majami'a mai daɓen katako, in Elkan ya fito yana murza gashin baki sai ka rantse ginin zai rufta. Wata tsohuwa ta taɓa jifarsa da takalmi. Takalmin yana cikin kabad ɗinsa har yau.

Bana ƙungiya ta samu sabon zaure, mai na'urar sanyi da kujerun laushi da kafet ɗin da ƙafa ke nutsewa ciki. An tsara wasannin shekara, na Purim ne zai buɗe fage. Ranar da aka yi walimar addu'a da suke kira malida don neman albarkar wurin, Elkan na tsakiyar cin shinkafa da kwakwa sai Yael Talkar, yarinyar da ke jan ragamar ƙungiya yanzu, ta ja shi gefe.

"Kawu, bana karrama ka za mu yi. A wasan kai ne dattijon kirki, kawun sarauniyar da ta ceci Yahudawa."

"Wazirin fa?"

"Gershon zai yi."

Gershon Bhastekar, mai shagon tabarau, wanda Elkan da kansa ya koya wa zare ido!

A gida matarsa Sinora ta ga yana ta cika yana batsewa. "Baban Rina, ka ci abinci mana. An ba ka mutumin kirki kana kumburi? Ai ni ya kamata a taya murna, ni da na tsufa a gidan mugu."

"Ke ba za ki gane ba. Wa ke tuna mutumin kirki? Tafin tausayi za a yi mini a tashi. Kuma wannan yaron, ko kaza ba za ta ji tsoronsa ba. Gashin bakin ma na manni ne!"

Kishi ne zalla, ba shi da wani suna. Abin da ya fi ci masa rai a wajen gwaji shi ne Gershon ya iya, ga kuma ladabi. Kullum sai ya rusuna ya ce, "Baba, a gyara mini." Da yaron ya yi rashin kunya ko sau ɗaya, da Elkan ya samu inda zai kama.

Ranar wasa jama'a suka zo cikin kwalliya, suka zauna a takure kamar baƙi a gidan surukai. Aka ambaci sunan waziri. 'Yan kaɗan suka buga ƙafa, kafet ya haɗiye ƙarar. Iyaye mata suka shiga kwaɓar yara kada su ɓata sabon wuri. Aka sake ambata, tsit. Gumi ya karyo wa Gershon, muryarsa ta fara rawa. Elkan na tsaye a gefen dandamali cikin farin gemunsa na auduga, daɗi ya cika shi har ya ɓoye murmushi.

Sai aka ambata karo na uku, sunan ya fito tar har ƙarshen zaure. Tunda uwar Elkan ta haife shi bai taɓa jin sunan nan ya fita lafiya a cikin taro ba. Kafin ya yi shawara da zuciyarsa, ƙafarsa ta doki dandamali, katako ɗaya tilo da ya rage a ginin.

"Kai jama'a! Kurame ne ku, ko kujerar ce ta riƙe muku baki?"

Ya ci gaba da duka. Wuri ya ɓarke. Tsofaffi suka miƙe, yara suka hau kujeru, masu takalmi suka cire suna dukan hannun kujera. Zauren ya ninka tsohon ɗaki girma, ihun ma haka, kuma duk a kan Gershon ya sauka. Elkan ya tsaya yana haki, yana sauraron tsinuwar da bai taɓa samun ko rabinta ba. Hassada ga mai rabo taki ce, shi kuwa da ƙafarsa ya zuba takin.

Bayan an tashi Gershon ya rugo, gashin bakinsa ya ɓalle gefe guda, yana rungume da abin da aka jefe shi da shi. "Baba, duba! Duk albarkacinka ne!"

Elkan ya duba, ya ce madalla, ya juya.

A hanyar gida Sinora ta kama hannunsa. "Yau kam ka yi abin kirki, Baban Rina."

Sai da suka kai bakin tasha ya ce, "Takalma biyu, Sinora. Ni duk rayuwata guda na samu."